SPARTAK TA KIYEF: ƘUNGIYAR MATAN DA TA SHEKARA 20 BA A TURE TA BA



Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne tarihin wata ƙungiyar wasa ta mata zalla, wadda ta yi zamaninta a birnin Kiyef, babban birnin ƙasar Yukren, sa'ad da ƙasar ta ke cikin Tarayyar Sobiyet. Sunanta Spartak, wasanta kuwa ƙwallon hannu. Ƙungiyar nan ta ci gasar ƙasarta sau 20 a jere, daga 1969 har zuwa 1988, ba a karɓe kambin daga hannunta ko sau ɗaya ba. Ta kuma ɗauki Kofin Zakarun Turai sau 13, adadin da har shekarar 2025 babu wata ƙungiyar mata da ta kamo shi. Ruwa ba ya tsami banza. Abin tambaya shi ne, da me aka gina wannan ƙarfi, kuma me ya sa ya zube cikin 'yan shekaru kaɗan?

Tun da ya ke ba kowa ya taɓa tsayawa ya kalli ƙwallon hannu ba, ya kamata a fara da bayanin wasan. Kowane gefe mutum 7 ne, watau 6 cikin fili da mai tsaron gida. Tsawon filin mita 40, faɗinsa mita 20. Raga kuwa faɗinta mita 3, tsayinta mita 2. A gaban kowace raga akwai wani yanki da aka shata, nisansa mita 6, wanda ba mai taka cikinsa sai mai tsaron gida. Ba a yarda 'yar wasa ta riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 3 ba, ko ta yi taku fiye da 3 da shi a hannu, sai ta buga shi ƙasa ko ta jefa wa 'yar'uwarta. Wadda ta yi ƙeta a kan fitar da ita na minti 2, a bar sauran su ji jiki da ragin mutum ɗaya. A kan yi minti 30, a huta, a komo a yi 30.

Wannan doka ta daƙiƙa 3 ita ce mabuɗin labarin duka, don haka a riƙe ta. Wadda ƙwallo ya faɗo hannunta ba ta da lokacin ɗaga kai ta duba ina 'yar'uwarta ta ke. Dole ne ta riga ta sani. Dole ta san cewa wance, in an matse ta ta dama, hagu ta kan zille. Wance kuwa ba ta son ƙwallo a ƙirji, sai sama, inda za ta cafe shi tana cikin tsalle. Haka nan wajen tsaro: mata 6 su kan jeru a bakin layin nan na mita 6 kamar katanga, su matsa dama tare, su matsa hagu tare. Ɗaya ta makara da taku guda, ƙofa ta buɗe, an ci. Irin wannan sani ba a koyonsa a allo, ba a kuma sayensa a kasuwa. Sabo ne, sabo kuwa sai da shekaru.

An kafa Hukumar Ƙwallon Hannu ta Duniya a 1946. An fara gasar Kofin Zakarun Turai ta mata a kakar 1960 zuwa 1961. Maza sun shiga wasannin Olimfik da irin wannan wasa na mutum 7 a 1972, mata kuwa sai 1976. Mazauna Ikko na da rabo cikin tarihin, domin a nan ne aka kafa Hukumar Ƙwallon Hannu ta Afirka a watan Janairu na 1973, lokacin wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu.

To, a koma Kiyef. A shekarar 1959 wani saurayi malamin wasanni, Igor Turcin, ɗan shekara 22 zuwa 23, ya tara waɗansu 'yan mata 'yan makaranta ya fara koya musu ƙwallon hannu. Shi ba ɗan birnin ba ne. An haife shi a 1936 a wani ƙauye can kudu, wajen Odesa, ya yi karatun aikin malanta, sa'an nan ya zo babban birni neman abin yi, baƙo cikin baƙi. Ba shi da suna, ba shi da kofi ko ɗaya da zai nuna. Yaran da ya tara kuwa ba zakaru ba ne, ƙanana ne waɗanda sai an nuna musu yadda a ke riƙon ƙwallo. Cikinsu akwai wata 'yar shekara 13 mai suna Zinaida Stolitenko, wadda za a sake jin labarinta nan gaba. A 1962 wannan taro na 'yan mata ya zama ƙungiyar Spartak ta Kiyef.

Sunan na buƙatar ɗan bayani. A Tarayyar Sobiyet ba attajiri ke kafa ƙungiyar wasa ba. Akwai manyan jam'iyyun wasanni, kowace da hukumar da ke ɗauke da ita, kowace kuma da rassa a birane da yawa da wasanni iri-iri. Dinamo ta 'yan sanda ce da ma'aikatan tsaron cikin gida. Soja na da tasu. Spartak kuwa, wadda aka kafa a 1935, ta samo asali ne daga ƙungiyoyin gama-kai na masu sana'ar hannu, aka raɗa mata sunan Spartakus, wani bawa da ya ja ragamar tawayen bayi a daular Rum kafin haihuwar Annabi Isa. Saboda haka akwai Spartak a Mosko, akwai a Kiyef, akwai a garuruwa barkatai. A takarda dai duk 'yan wasan ƙasar 'yan sha'awa ne, ba ma'aikatan wasa ba. Wannan ɗaliba ce, waccan malama ce. Amma kowa ya san cewa hukuma ce ke ba da zauren wasa, da kuɗin tafiya, da albashin mai koyarwa, da abin da 'yar wasa za ta ci. Wannan tsari na da aibinsa, za a zo kansa. Amfaninsa guda shi ne, mai koyarwa na iya riƙe yaransa shekara da shekaru, babu wani mai kuɗi da zai zo ya zare masa su ɗaya bayan ɗaya.

Sai a lura da lissafi. Daga 1959 zuwa 1969 shekara 10 ke nan, kuma cikin waɗannan shekaru Turcin bai ci gasar ƙasa ko sau ɗaya ba. Waɗansu ne ke cin zamaninsu. Trud ta Mosko ta ɗauki Kofin Turai a 1963, Zalgiris ta birnin Kaunas, a Lituwaniya, ta ɗauke shi a 1967 da 1968. Matan Kiyef suna nan suna girma, suna shan kashi, suna komawa zaure. Da a ce yau ne, a ƙungiyar da masu ita ke son kofi kafin ƙarshen shekara, da tuni an sallami mai koyarwa sau uku ko huɗu, an watsar da yaran, an sayo waɗansu. Shi aka bar shi da nasa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma wanda ya tanƙwara shi ne ya san inda zai karye. Sa'ad da suka kai ga kambin ƙasa a 1969, manyan cikinsu na da shekara 22 ko 23, watau sun kai ƙarfinsu, alhali kuwa sun riga sun yi kusan rabin rayuwarsu suna jefa wa juna ƙwallo.

Daga nan sai abin ya zama kamar ambaliya. Kofin Turai a 1970, da 1971, da 1972, da 1973, sau 4 a jere. Babbar abokiyar gābarsu a wannan lokaci ita ce ƙungiyar Leipzig ta Jamus ta Gabas, ƙasar da ita ma ta ɗauki wasannin mata da gaske. Spartak ta doke ta a wasan ƙarshe na 1970 da na 1972, Leipzig ta rama a 1974, Spartak ta sake kayar da ita a 1977. Bayan Jamusawa sai Radnicki ta Belgrade, a Yugoslabiya, wadda ta sha kashi a hannun matan Kiyef a wasan ƙarshe na 1981, da 1983, da 1985. In an haɗa duka, Spartak ta kai wasan ƙarshe sau 15, ta ci 13, ta fāɗi 2.

Yarinyar nan Zinaida ita ce ta zama kan ƙungiyar a cikin fili. Ita ke tsakiya, ita ke raba ƙwallo, ita ke karanta katangar abokan gāba ta ga inda ta yi rauni. An haife ta a Kiyef ran 17 ga Mayu, 1946, shekara ɗaya bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, birnin na cikin kufai. Ta fara buga wa ƙasa wasa a 1965, ba ta daina ba sai 1988. Duk kofuna 13 ɗin nan da ita aka ɗauke su, duk kambi 20 na gida da ita aka ci su. A shekarar 2000 Hukumar Ƙwallon Hannu ta Duniya ta zaɓe ta a matsayin macen da ta fi kowa a wannan wasa cikin ƙarni na 20.

Akwai wani gefe na labarinta da ya dace iyaye su saurara da kyau, domin ya taɓa abin da a kan yi gardama a kansa a gidaje da yawa, watau ko wasa da aure na iya zama wuri ɗaya. A 1965 Zinaida ta auri mai koyar da ita, Igor Turcin, tana da shekara 19, shi yana gaba da ita da shekara 10. Daga nan ne aka san ta da suna Turcina. Ta haifi 'ya mace a 1971, ta koma fili. Ta haifi ɗa namiji a 1983, tana da shekara 37, ta sake komawa fili. 'Yar ta girma ta zama 'yar wasa ita ma, har uwa da 'ya suka buga wa Spartak tare. Ashe aure da haihuwa ba su ne ke kashe wasan mace ba, in akwai mai riƙe mata gida, akwai kuma wurin da ke jiranta in ta komo. Amma fa gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: auren mai koyarwa da yarinyar da ta taso a hannunsa abu ne da hukumomin wasanni na yau ke dubawa da idon tsanaki, kuma suna da hujja, domin wanda ke da ikon sa yarinya cikin wasa ko cire ta ba tsaranta ba ne. Nasu auren ya ɗore har mutuwa ta raba. Wannan bai mai da shi abin koyi ga kowane mai koyarwa ba.

A 1973 aka ɗora wa Turcin ragamar ƙungiyar mata ta Tarayyar Sobiyet baki ɗaya, ya kuwa gina ta a kan matan da ya rena. A Gasar Duniya ta wannan shekara suka zo na uku. A ta 1975, wadda aka yi a gidansu, Jamus ta Gabas ta sha gabansu, suka zo na biyu. Sai ga Olimfik na Montiriyal a ƙasar Kanada, 1976, karo na farko da aka sa ƙwallon hannu na mata. Ƙasashe 6 ne suka kara, kowace da kowace. Matan Sobiyet suka cinye wasanninsu 5 duka, suka karɓi lambar zinariya, Jamus ta Gabas ta azurfa, Hangari ta tagulla. Nijeriya ba ta ga wannan biki ba, domin ita da ƙasashen Afirka da dama sun janye daga Montiriyal don nuna fushi kan hulɗar wasa da ƙasar New Zealand ta yi da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

A Mosko, 1980, suka maimaita: wasa 5, nasara 5, zinariya. A wannan karo Afirka ta samu wakilci, domin matan Kwango Barazabil na cikin ƙasashe 6 da suka kara. Ban da Zinaida, akwai waɗansu matan Spartak da suka rataya zinariya sau biyu, a 1976 da 1980, irin su Ludmila Bobrus, da Tatiyana Makarets, da Larisa Karlova. Gasar Duniya, wadda ta daɗe tana kuɓuce musu, ta shigo hannu a 1982 a Hangari. Olimfik na 1984 a Los Anjelis kuwa siyasa ta cinye shi: gwamnatin Sobiyet ta ƙi tura 'yan wasanta Amurka, Yugoslabiya ta ɗauki zinariyar. Ga aibin tsarin nan da aka ambata ɗazu. Hannun da ke ciyar da 'yar wasa shi ne kuma ke iya cewa ta zauna gida, bayan ta shekara 4 tana shiri, ba ta da wurin kai ƙara.

Mai lura zai ga wani abu cikin jerin shekarun. Tsakanin 1975 da 1985 Spartak ta ɗauki Kofin Turai a 1975, 1977, 1979, 1981, 1983 da 1985. Shekarun da ke tsakani, 1976, 1978, 1980, 1982 da 1984, duk shekarun Olimfik ne ko na Gasar Duniya, watau shekarun da aikin ƙasa ke kan wuyan mai koyarwar nan da manyan 'yan wasansa. Jaki ɗaya ne ke ɗauke da kaya biyu.

Turcin ba mutum ne mai sanyin hali ba. Ya yi suna wajen zafi da tsanani, da tsawa daga bakin fili, da neman abin da ya wuce ƙarfin mutum. Masu yabonsa na cewa ba don haka ba da ba a kai inda aka kai ba. Wataƙila. Amma masu tsawa sun yi yawa a duniyar wasanni, kaɗan ne cikinsu suka ci ko da kofi ɗaya. Abin da ya raba shi da su shi ne bai tsaya kan zubin farko ba. Ƙungiyar da ta ci kambi a 1969 ba ita ce ta ci a 1988 ba; yawancin fuskokin sun sake. Yana ɗauko ƙanana, yana sa su ƙarƙashin manya, ƙanwa na koyo a wurin yāya, har ranar da yāya za ta ajiye, ƙanwa ta riga ta san wurin tsayawa. Shekara 20 ba a yin su da zubi ɗaya.

Abin mamaki, a wannan birni ɗaya, a wannan zamani ɗaya, akwai wani mai koyarwa mai irin wannan tsanani, Baleri Lobanobski na Dinamo Kiyef, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza. Dinamo ta ɗauki Kofin Masu Kofi na Turai a 1975 da 1986, sau 2, kuma duk mai bin ƙwallon ƙafa, daga Agege har Sabo ta Badun, ya taɓa jin sunanta. Matan da suka ɗauki kofin da ya fi wancan daraja sau 13, mutum nawa ne cikin wannan zaure ya taɓa jin labarinsu kafin yau?

Shekarar 1986 ta zo wa Kiyef da masifa. Ran 26 ga Afrilu tashar lantarki ta nukiliya da ke Carnobil, kimanin kilomita 100 arewa da birnin, ta fashe. A wannan shekara ce Spartak ta ɗauki Kofin Turai na 11, a watan Disamba kuma matan Sobiyet suka sake cin Gasar Duniya a Holan.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Alamar farko ta bayyana a Olimfik na Seul, 1988. Matan Koriya ta Kudu, masu gida, ba su kai Turawa tsawo ko ƙarfin jiki ba, sai suka zo da gudu da saurin hannu, suka ɗauki zinariya. Norwe ta zo ta biyu, matan Sobiyet suka tsira da tagulla. Zinaida na da shekara 42 a lokacin. A 1989 abu biyu suka faru a shekara ɗaya. A gida, ƙungiyar Kuban ta birnin Krasnodar ta karɓe kambin ƙasa, jerin nan na shekara 20 ya yanke. A Turai kuwa, Hypo ta ƙasar Ostiriya, wadda Spartak ta doke a wasan ƙarshe na 1987 da na 1988, ta juyo ta rama.

Hypo ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin hanyarta dabam ce. An kafa ta a 1972 a kusa da birnin Biyana, sunan wani banki ta ke ɗauke da shi, mai tafiyar da ita kuwa Gunnar Prokop. Ostiriya ba ta da ɗimbin 'yan mata masu ƙwallon hannu. Abin da ƙungiyar ta yi shi ne ta riƙa ɗauko gwanaye daga ƙasashen gabashin Turai, waɗansu ma har aka ba su takardar zama 'yan ƙasa. Wani ya shuka, ya yi ban-ruwa shekara 10, mai kuɗi ya zo ranar girbi. Ba laifi ba ne a dokar wasa, kuma hanyar ta yi aiki: Hypo ta ɗauki kofin sau 8 tsakanin 1989 da 2000. Cikin waɗanda suka koma can har da mai tsaron gidan Spartak, Nataliya Rusnacenko, wadda daga baya ta tsare wa Ostiriya raga.

Sa'an nan ƙasar da kanta ta wargaje. Yukren ta ayyana 'yancin kanta ran 24 ga Agusta, 1991, kafin ƙarshen watan Disamba kuma babu sauran Tarayyar Sobiyet. Hukumomin da ke biyan kuɗin zaure da tafiya da albashi suka shiga halin ni-'yasu. Kuɗin ƙasar ya zama takarda. A 1993 farashin kaya a Yukren ya ninka kusan sau 100 cikin shekara ɗaya. Ƙofar fita kuwa, wadda a da ta ke kulle, ta buɗe. 'Yar wasan da ta ga albashinta na wata ba ya sayen abincin mako, ga kuma ƙungiya a Jamus ko Ostiriya na miƙo mata kuɗi masu daraja, me a ke so ta yi? Wanda ya bar garinsu da iyayensa ya zo Ikko ko Fatakwal neman abin rufin asiri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ba zai kuma zarge su ba. Suka tafi. Sabon da aka shekara 30 ana ginawa ya watse, kowace ta ɗauki guntun da ke hannunta ta kai wata ƙasa. Ilmin renon yara na nan, mai koyarwa na nan, amma abin da zai riƙe yarinya a gida bayan ta ƙware ya ƙare. Tsintsiya ba maɗauri, shara ma ba ta yi.

A daidai wannan lokaci ne hanyar Nijeriya ta gitta ta wannan labari. Matan Nijeriya sun ci Gasar Afirka ta ƙwallon hannu a Alƙahira a 1991, wannan ya ba su kujera a Olimfik na Basalona a 1992. Aka sa su rukuni ɗaya da Jamus, da Amurka, da wata ƙungiya mai baƙon suna, Haɗaɗɗiyar Ƙungiya, wadda ba komai ba ce illa ragowar ta Sobiyet, 'yan wasan ƙasar da ta riga ta mutu, suna wasa ƙarƙashin tutar Olimfik don ba su da tuta ɗaya ta kansu. Su suka ƙare da tagulla. Nijeriya ta zo ta 8 cikin ƙasashe 8. Ba abin kunya ba ne ga wanda ya je karo na farko. Abin da ya fi ciwo shi ne daga Basalona har Olimfik na Faris a 2024 matan Nijeriya ba su sake komawa ba, Angola ce ta riƙa ɗaukar tutar Afirka.

Turcin bai bar Spartak ba. Ƙungiyar ta ci gasar farko ta sabuwar ƙasar Yukren a 1992. Amma zuciyarsa ta riga ta gaji. Ta sha buga masa, har aka yi masa aiki a kanta a Norwe. Duk da haka ya koma bakin fili. Ran 7 ga Nuwamba, 1993, Spartak na wasan gasar Turai a Bukares, babban birnin Romaniya, ciwon ya sake kama shi a wurin wasan, ya rasu. Saura kwana 9 ya cika shekara 57. Daga ranar da ya tara 'yan matan farko zuwa wannan rana shekara 34 ke nan.

Matarsa ce ta karɓi aikin koyarwa, daga baya ta zama shugabar ƙungiyar. Ba a ce komai ya mutu ba. Spartak ta sake cin gasar Yukren a 1996 da 2000, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Masu Kofi na Turai a 2003, inda Besançon ta Faransa ta doke ta. Amma a gida ma ragama ta koma hannun Motor ta birnin Zaporijiya, daga baya kuma Halicanka ta birnin Lviv. Ƙungiyar ƙasa ta Yukren ta ci gajiyar tsohon tushen na ɗan lokaci: azurfa a Gasar Turai ta 2000, tagulla a Olimfik na Atina a 2004. Daga watan Fabrairu na 2022, sa'ad da Rasha ta afka wa Yukren da yaƙi, maganar wasanni a Kiyef ta koma bayan maganar tsira da rai.

Kofin da Spartak ta mamaye yana nan, an sake masa suna, kuɗi sun shiga cikinsa. Ƙungiyar Győr ta Hangari, mai tara gwanaye daga ƙasashe da yawa, ta ɗauke shi sau 7 tsakanin 2013 da 2025. Vipers ta birnin Kristiansand a Norwe ta ɗauke shi sau 3 a jere, 2021, 2022 da 2023, sa'an nan bashi ya ci ƙarfinta, a watan Janairu na 2025 aka rufe ta ana tsakiyar kakar wasa, 'yan wasanta suka bazu neman wurin aiki. A jerin masu yawan kofi, zuwa ƙarshen kakar 2025, Győr na da 7, Hypo na da 8, Spartak ta Kiyef na da 13, na ƙarshensu kuwa tun 1988.